Ƙyallen da Tela Ke Sharewa: Yadda Matan Babura Ke Mayar da Shi Bargo da Zanen Gado

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Babura ana saura kwana goma Sallah ya san yadda ƙasan shagon yake zama. Keke na aiki dare da rana, almakashi ba ya hutawa, ƙarƙashin tebur kuwa tulin ƙyalle ne: guntun atamfa, gefen shadda, rarar leshi, yankin yadin makaranta. Da safe yaron shago zai share ya cusa a buhu, ya kai bola ko ya cinna masa wuta a bakin kwata.

A 'yan shekarun nan ba kowane buhu ne ke isa bola ba. Sai ka ga yarinya ta yi sallama a ƙofar shago, ta gaida maigidan, ta ce Innarta ce ta aiko ta, in akwai ƙyalle a taimaka. A can cikin gida, bayan an sauke tukunyar rana, uwar za ta zazzage buhun a kan tabarma, ta ware ja gefe guda, shuɗi gefe guda, mai kauri daban, mai santsi daban. Bayan makonni sai ga rigar filo, ko shimfiɗar jariri, ko babban abin rufa da zai tare wa yara uku sanyin hunturu.

Wasu don sha'awa suke yi, wasu don buƙata, da yawa kuma sha'awar ce ta fara kai su sannan buƙata ta zaunar da su. Haka abin yake a gidaje da dama daga Babura zuwa Kanya da Garu da Insharuwa, har ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa.

Tsada ce ta buɗe ƙofar

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi. Dalar da ake canzawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a cikin shekara guda, hauhawar farashi kuma ta zarce kashi 30 cikin 100 a 2024.

Tufa na cikin abubuwan da suka fi jin jiki, domin yawancin abin da ke jibge a Kantin Kwari ba a nan ake saƙa shi ba. Masaƙun Kaduna da na Kano da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, irin su KTL da aka kafa a 1957, galibinsu sun daɗe a rufe. Atamfa da bargo da zanen gado daga Sin suke zuwa, kuɗinsu kuma dala yake bi.

Babura gari ne na kusa da iyaka, hulɗarsa da Magarya da Damagaram tsohuwa ce. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, duk sun taɓa aljihun mutanen wannan yanki. Uwar da za ta aurar da 'ya, ga gado ga katifa ga kwanuka, sai ta fara lissafin abin da hannunta zai iya yi ba sai ta saya ba.

Ga kuma lokaci. Da zarar an kammala kaka, gero ya shiga rumbu, an kaɗe riɗi, an gama gyaran zoɓo, rani yakan bar wa mace 'yan sa'o'i tsakanin azahar da la'asar. Daidai lokacin ne kuma ɗari yake sauka.

Daga abin goge ƙafa zuwa bargo

Ba wadda ke farawa da bargo. Matakin farko yawanci buhun shinkafa ne da aka wanke: a yanka ƙyalle siri-siri, a riƙa cusa shi a idon buhun ana ƙullewa, har ya cika ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Aikin ba ya son gwaninta, amma a nan ido yake koyon wane launi ne ke zama lafiya kusa da wane.

Daga nan sai rigar filo, kuma a nan ne mai koyo take fara gane cewa yanka ya fi ɗinki wuya. In guntayen ba su zo daidai ba, kusurwa ba za ta haɗu da kusurwa ba, aikin zai yi ta karkacewa har ya ƙi kwanciya. Shi ya sa waɗanda suka daɗe suke yanka kwali mai kusurwa huɗu ya zama ma'auni, su ɗora a kan kowane ƙyalle su zana, su bar ɗan baki na ɗinki iri ɗaya a ko'ina. Guntu mai faɗin inci huɗu ya ishi mai farawa. Abin rufa mai ƙafa shida tsawo da faɗi zai ci irin wannan guntu sama da 300, kowanne kuma sai an yanka shi, an haɗa shi da maƙwabtansa.

Akwai darussan da sai an yi asara ake koyonsu. Atamfa mai zuba, in ba a wanke ta tun kafin a haɗa ba, wankin farko za ta rine farin da ke kusa da ita. Yadin auduga yana tsukewa in ya sha ruwa, na roba ba ya tsukewa, don haka haɗa su wuri guda yana sa aiki ya tattare. Leshi yana da kyau a ido amma ba ya jure ja. Ƙyallen da aka yanka a karkace, ba a bin tsayin zaren saƙarsa ba, miƙewa yake yi a hannu.

Bargo kuwa hawa uku ne. Sama shi ne haɗe-haɗen ƙyallen. Ƙasa shafi ne, sau da yawa tsohon zane mai ƙwari. A tsakiya ake shimfiɗa abin da zai riƙe ɗumi: tsohon bargon da ya sha jiki, ko auduga, ko audugar roba irin ta cikin filo. Sai a baje su a tsakar ɗaki, a kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, sannan a bi da ƙananan ɗinki layi-layi, daga tsakiya ana yowa gefe don kada ciki ya dunƙule. Ƙarshe a kalmashe baki. Wannan bin layi shi ne ke cin lokaci, shi ne kuma yake raba aikin da zai shekara goma da wanda zai watse a wanki na uku.

A nan ne aikin yakan zama na taro. Mace ɗaya tana iya haɗa saman ita kaɗai, amma ranar shimfiɗa hawa ukun sai an kira maƙwabciya ko 'yar'uwa, ɗaya ta ja nan ɗaya ta ja can. Ana yi ana hira, ƙananan yara mata na zura zare a allura saboda idon Gwaggo ya fara gajiya. Yawancin masu wannan sana'a a haka suka koya, ba a aji ba.

Masu ƙirga ido

Wani reshen wannan sana'a shi ne surfanin da ake yi da zaren ulu ko na siliki a kan zanen gado da rigar filo da mayafin tebur. Wani ana zana fure ko ɗawisu a kan farin yadi a bi shi da allura. Wani kuma ba a zane, ƙirga idon saƙar yadin ake yi, kowane ɗinki ya gicciya a kan ɗan'uwansa, ƙananan giciye-giciyen su taru su fitar da hoto. Kuskuren ido ɗaya a layin farko yana iya karkatar da furen baki ɗaya, sai an warware.

Matan da suka yi firamare a shekarun 1970 da 1980 da yawansu sun koyi wannan a darasin aikin hannu, tare da saƙar kwarashi da ake yin tuma-ƙasa da hulunan jarirai. A wancan zamani ɗakin amarya bai cika ba sai da zanen gado na ɗinkin hannu. Zanen kanti mai arha ya zo ya ture shi, darasin aikin hannu ma ya ja baya a makarantu da yawa. Yanzu wayar hannu ce ta zama malama. Yarinyar da ke Roni tana iya kallon yadda ake fitar da tauraro mai kusurwa takwas a YouTube ko TikTok, ta gwada, ta ɗauki hoton inda ta kai ta tura wa ƙawayenta a WhatsApp, su yaba ko su gyara mata.

Gadon gida ne

Saboda a waya ake ganinsa yanzu, wasu na ɗaukar wannan ɗinki a matsayin abin Turawa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke a fagen yaƙi. Lifidi kuwa ba komai ba ne illa yadi hawa biyu da aka cusa wa audugar rimi a tsakiya, aka bi shi da ɗinki layi-layi, aka yi masa ado da yanke-yanken yadi masu launi. Da shi ake rufe doki da mahayinsa don kibiya ta kasa ratsawa. Wani Bature mai suna Clapperton ya ga 'yan lifidi da idonsa a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, ya kuma rubuta labarinsu.

Har gobe 'yan lifidi na fitowa a hawan Sallah a masarautun ƙasar Hausa, kuma a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mutumin Kazaure, masarautar da Ibrahim Ɗantunku ya kafa a wajen 1819, ko na Babura da ke ƙarƙashin masarautar Ringim, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan kayan doki. Dabarar da ke cikin lifidi ita ce ke cikin bargon da ake ɗinkawa a tsakar gida.

Haka dukawa suka daɗe suna haɗa guntayen fata ja da kore da baƙi su yi tim-tim. Haka masu ɗinkin riga suka daɗe suna fitar da aska biyu da aska takwas da tambari da zaren tsamiya. Ɗinkin hula kuwa, kube da damanga da zanna-bukar, sana'a ce da ke ci da gidaje masu yawa a Jigawa. Hannun da ya iya cika hula da ƙananan ɗinki dubbai ba zai kasa bargo ba.

Kunyar faci

Babban abin da ke danne wannan aiki shi ne yadda ake kallonsa. A wurin mutane da yawa haɗe-haɗen ƙyalle alamar babu ce. Akwai uwar da za ta ɗinka abin rufa mai kyau ta shimfiɗa wa yaranta, amma ranar jere ba za ta yarda a ga irinsa a gadon 'yarta ba, kada dangin ango su ce tsumma aka kawo. Ta gwammace ta ci bashi ta sayo na kanti, ko da zai koɗe kafin shekara.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Sun ga faci na dole, wanda ake yi wa rigar da ta mutu, kuma ba wanda ke son a tuna masa da talauci a ranar farin ciki. Gaskiya ne kuma wasu ayyukan da ake fitarwa ba su da tsafta: zare na reto, baki a karkace, launuka na faɗa da juna. Irin wannan ba ya taimakon sunan sana'ar.

Amma kunyar kanta ba ta da tushe a addini ko a al'ada. Ya zo a hadisi daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa da hannunsa yana gyara takalminsa. Labarin rigar Sayyidina Umar mai faci sananne ne ga duk ɗan makarantar Islamiyya. A Sudan, mabiyan Mahadi a shekarun 1880 da 1890 jibba mai faci suke sawa, har ta zama rigar alfaharinsu. A Senegal, 'yan Baye Fall, almajiran Shehu Ibra Fall, har yau da tufar haɗe-haɗe ake gane su.

Na wa ne ƙyallen?

Akwai wata tambaya da masu tsoron Allah a cikin teloli suke yi, kuma ta cancanci amsa. Turmin atamfa yadi shida ne, mai shi ta biya kuɗinsa gaba ɗaya. Abin da ya rage bayan ɗinki hakkinta ne. Ɗan guntun da al'ada ta san ba a nemansa ba shi da matsala, amma rarar da za ta yi ɗankwali ko rigar yaro sai da yardar mai ita. In ƙyalle ya fara zama abin sayarwa, sai an yi hattara kada almakashi ya fara ci da gangan. Mafita mai sauƙi ce: tela ya tambaya, mai kaya ta yafe ko ta karɓi abinta.

Ta wani gefen kuma, kwashe ƙyallen alheri ne ga gari. Yawancin yadin yanzu roba ne, ba ya ruɓewa. In an ƙona shi hayaƙinsa na cutar ƙirji, in an zubar ya toshe magudanar ruwa, akuya kuma ta haɗiya ya tsaya mata a ciki.

Mai ɗinki da mai riba

Wadda ta ƙware har ta fara sayarwa takan ci karo da matsalar da masu ɗinkin hula suka daɗe suna kuka da ita. Hula mai kyau tana cin makonni, amma tsakanin mai ba da zare, da mai wanki, da dillali, da mai shago a Kano, wadda ta yi ɗinkin ce ke tashi da mafi ƙarancin kaso. Bargon haɗe-haɗe ma haka. Mai saye yana kwatanta shi da na gwanjo a Ƙofar Wambai, ba ya lissafa kwanakin da ya ci. Mai ɗinkin kuma, da yake ƙyallen kyauta ta samu, sai ta ɗauka duk abin da aka ba ta riba ce, ta manta cewa lokacinta da idonta su ne jarin.

Dillaliya tana da amfani, ita ce ke shiga gida-gida inda mai kulle ba za ta je ba, amma kasuwarta ba ta wuce unguwa. Duk da haka sana'ar tana da wata falala da ya kamata iyaye su duba: bargo ba ya lalacewa in bai sayu yau ba, kuma ba ya buƙatar a ɗora wa yarinya tire ta yi talla a lokacin makaranta.

Wasu sun nuna cewa ana iya fita daga wannan rami. A birnin Zariya, a 1994, wasu mata masu surfani suka haɗu suka kafa ƙungiyar da suka sa wa sunan Sarauniya Amina, tare da goyon bayan Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan. Sun ɗauki zanen aska da dagi na babbar riga suka sa a kan rigunan mata da kayan ado na ɗaki, aikinsu ya kai har kasuwannin baje kolin sana'ar hannu a Amurka. A can Amurkar, a wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, mata baƙar fata jikokin bayi sun yi shekara da shekaru suna haɗa tsofaffin kayan aikin gona su yi abin rufa saboda sanyi. A 2002 aka baje ayyukansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan kan sarki. Surfanin ƙirga ido na matan Falasɗinu shi ma UNESCO ta karrama shi a 2021. Babu ɗayan waɗannan da ya fara da jari. Abin da suka samu shi ne haɗin kai, da tsaftar aiki, da wanda ya tsaya musu a kasuwa.

Ido da ƙugu

Ba a faɗin wannan sosai, amma aikin yana cin jiki. Zaman sa'o'i a tanƙware yana kawo ciwon baya da wuya. Da mace ta haura shekara 40 ganin kusa yakan fara raguwa, kuma daidai lokacin ne hannunta ya nuna. Da yawa sun ajiye allura ba don sun gaji ba, sai don ba sa ganin kafarta. Tabarau na karatu mai sauƙin kuɗi, bayan an auna ido a asibiti, da fitila mai aiki da hasken rana, sun isa su mayar da irin waɗannan gwanaye bakin aiki. Masu rabon kayan tallafi sun fi son keken ɗinki saboda yana kyau a hoto, alhali mai ɗinkin hannu tabarau da almakashi mai kaifi da zare mai ƙwari ta fi buƙata.

Kasuwa na bakin ƙofa

Ba sai an jira Baturen da zai zo ya yaba ba. Babura tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a 2021, Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Kowane ɗalibi da ke kwana a ɗakin makaranta yana buƙatar abin rufa daga Disamba zuwa Fabrairu. Haka makarantun kwana na sakandare, haka almajiran tsangaya da ke kwana a zaure cikin ɗari. Attajirin da ke sayen barguna don sadaka duk hunturu, da zai ba matan unguwarsu kwangilar tun watan Satumba, da ya yi sadaka biyu da kuɗi ɗaya.

Cibiyoyin koyar da mata sana'a na ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa su nemo tsofaffin da suka iya, su biya su su koyar, su kuma dage a kan yanka daidai da gama aiki da tsafta. Ƙungiyoyin teloli su ware buhu a kowane shago, da yardar masu kaya, maimakon ashana. Matan da ke ɗinkin su haɗu biyar-biyar ko goma-goma kamar yadda suke yin adashi, su tsayar da farashi ɗaya wanda ya lissafa kwanakin aiki.

Kai kuma mai karatu, kafin hunturun bana ka tafi neman bargo a kasuwa, tambayi mutanen gidanka ko akwai mai wannan ɗinki a unguwarku. In ka same ta, ka duba aikin da kyau, in ya yi maka ka biya ta kuɗin da ta faɗa.